Mai Cutar Daji a Gidan Kiwo: Yadda Za a Kare Shi Daga Cututtukan Dabbobi

Wanda ya dawo ƙauye daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Rasheed Shekoni na Dutse bayan an ƙara masa ruwan kemo, wato maganin ciwon daji, gidan da ya bari shi zai tarar: awaki a turke, kaji har bakin ɗaki, mai nono tana sallama da hantsi. Jikinsa ne ya sauya. Maganin daji yana taɓa ɓargo, inda ake ƙera fararen ƙwayoyin jini masu kama bakteriya. A yawancin magungunan, waɗannan ƙwayoyi sun fi yin ƙasa tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan ƙarin ruwan, sannan su farfaɗo wajen mako na uku. Mai dajin jini, dajin kaluluwa ko dajin ɓargo, rauninsa ya fi haka daɗewa. Haka wanda ya jima yana shan firednisolon ko deksametason, magungunan da ke danne garkuwar jiki, da wanda aka cire wa saifa, da mai sikila, da mai cuta mai karya garkuwar jiki.

Ba muna cewa a sayar da dabbobi ba. Sau da yawa akuyar nan ita ake kaiwa kasuwa a biya kuɗin kemo na gaba. Abin da ake bukata shi ne a sauya wanda ke yin wane aiki a gidan, kuma idan zazzaɓi ya zo a faɗa wa likita wace dabba aka taɓa. Ƙwayoyin da za mu ambata ba kullum likita ke cin karo da su ba, gwajin yau da kullum ba ya nuna su, wasunsu kuma ba sa jin allurar da aka saba farawa da ita.

Kalanda da ma'aunin zafi

A rubuta ranar kemo a kalanda, a zagaye kwana na 7 zuwa na 14. A waɗannan kwanaki mara lafiya ba ya shiga turke, akurki ko kara, ko da yana jin ƙarfi. A sayi ma'aunin zafin jiki mai batir daga kemis, a auna safe da yamma da duk lokacin da ya ce yana jin sanyi. Idan an sa a baki ya nuna 38.3 sau ɗaya, ko 38.0 da ya tsaya awa guda, tafiya asibiti ta kama nan take, ko da tsakar dare ne. Na hammata yakan gaza da kusan rabin digiri, don haka 37.5 a hammata ba abin rainawa ba ne. Kada a sa ma'aunin ta dubura, yana iya ƙujewa ya buɗe wa ƙwayoyin hanji hanyar shiga jini. Kada a ba da Panadol kafin a auna, domin yana ɓoye zazzaɓi, firednisolon ma haka. Mutum na iya karkarwa, numfashi na sauri, hankali na gushewa, ma'auni kuma yana nuna ƙasa da 36. Wannan ya fi zazzaɓin muni.

Nono, kindirmo da man shanu

Nan ne babbar ƙofa, kuma ita ce mafi sauƙin rufewa. Ɗanyar madara na iya ɗaukar ƙwayoyin cuta irin su Burusela, da Listeriya, da tarin fukan shanu, da Salmonela, alhali saniyar tana da ƙiba ba ta nuna alamar komai. Tsamin nono yana rage ƙwayoyin, amma ba ya gamawa da su. Abin da ke kashe su wuta ce. Kamfanoni suna dumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, ko 63 na minti 30. A gida ba ma'aunin wannan, sai a dafa ta har ta taso, a rage wuta, a ci gaba da juyawa minti 2.

Mafi aminci shi ne a sayi sabuwar tatsa a yi wa mara lafiya kindirmonsa a gida. A tafasa, a rufe ta huce har ta koma ɗumi-ɗumi, a zuba cokali 2 na iri a kowace lita, a bar ta ta kwana a rufe. Kuskuren da ake yawan yi a irin yake: an tafasa madara da kyau, sannan a ɗebo iri daga nonon talla da ba a dafa ba, an mayar da abin da aka kashe ke nan. A ɗauki irin farko daga yogot na kamfani mai hatimi, na gaba kuma daga kindirmon jiya na gida. Ƙwarya da ludayin duma suna da ƙananan ramuka da madara ke maƙalewa, gara kwanon silba ko tasa da za a iya ƙona wa da tafasasshen ruwa. Mata da yawa suna dafa madarar kindirmo tun a ruga, wannan gaskiya ne, amma mai saye ba shi da hanyar tabbatarwa, ga kuma ruwa da kuka da ake ƙarawa a nono a hanya. Furar ma a dama ta da ruwan da aka tafasa.

Ɗanyen man shanu na iya riƙe Burusela makonni masu yawa, don haka a soya shi kafin ya shiga tuwon mara lafiya. Firji kuma ba kariya ba ne daga Listeriya, ita tana hayayyafa ko a digiri 4, balle inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa. Dafaffiyar madarar da ta yi awa 2 a waje, ko awa 1 a zafin bazara, a sake tafasa ta.

Akwai abu biyu da 'yan dubiya ke kawowa da kyakkyawar niyya. Na farko nonon raƙumi, wani lokaci har da fitsarinsa, da sunan maganin daji. Raƙumi na ɗaukar Burusela kamar akuya. Idan za a sha nonon, a tafasa shi. Fitsarin kuwa a bar shi, babu hanyar tsabtace shi ga mai raunin garkuwa. Na biyu ɗanyen ƙwai da ake fasawa cikin maltina da madarar gwangwani don ƙarin jini. Ƙarancin jinin kemo daga ɓargo yake, ɗanyen ƙwai ba ya gyara shi, Salmonelar da ke ciki kuma a irin wannan jiki ba ta tsayawa a gudawa, tana shiga jini har ƙashi. A dafa ƙwan minti 10, gwaiduwa ta daskare.

Haihuwa, ɓari da sharar turke

Lokacin da dabba ta fi zubar da ƙwayoyin cuta shi ne ranar haihuwa ko ɓari. Mabiyiya, ruwan haihuwa da ɗan da ya zube cike suke da su idan uwar na ɗauke da Burusela ko Koksiyela, ƙwayar da ke kawo abin da likitoci ke kira zazzaɓin Q. Makiyaya sun san alamar Burusela a shanu, ita ce bakkale: kumburin gwiwa mai ruwa, ɓari a watannin ƙarshe na ciki, mabiyiya ta ƙi faɗowa. Idan awaki biyu ko uku suka yi ɓari a jere, kada a tsaya a kan cewa sun ci leda ne. A kira malamin dabbobi ya ɗebi jini. Akwai gwaji mai sauƙi na Burusela, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin allurar rigakafinta ta shanu.

Mai karɓar haihuwar ya kasance lafiyayye, ba mara lafiyar ba, ba mai juna biyu ba, in da hali kuma ba mai jinyar da ke ba shi abinci ba. Ya sa safar hannu ta roba. In babu, leda biyu a kowane hannu a ɗaure a wuyan hannu. Kada ya hura wa jaririn dabba iska da baki. Mabiyiya da ɗan ɓari a haƙa rami mai zurfin kamar mita 1, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, a binne da harawar da ta ɓaci. Jefawa a juji yana nufin kare zai jawo ta ya dawo da ita ƙofar gida. Kayan aiki da daɓen siminti a fara wanke su da omo, sannan a jiƙa da ruwan bilic minti 10: idan kwalbar Jik ko Hypo ta nuna kashi 3.5, awo 1 na bilic a awo 6 na ruwa, haɗin ranar kawai. Bilic ba ya aiki a kan kashi da ƙasa, shi ya sa wanki ke gabata. Turken ƙasa sai dai a kankare saman a binne. Uwar a ware ta aƙalla mako 3, har ruwan da ke fita ya ɗauke. Mai aikin ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shiga ɗakin mara lafiya.

Koksiyela ta fi sauran wuyar sha'ani, domin ba sai an taɓa komai ba. Tana bushewa cikin ƙasar turke ta yi watanni da rai, tsintsiya ta tayar da ita, iskar hunturu ta kai ta nesa, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su kama mutum. Saboda haka a yayyafa ruwa kafin shara, a yi sharar lokacin da mara lafiya ke ɗaki a rufe ko ba ya gida, tarin taki kuma a fitar da shi daga tsakar gida zuwa inda iska ba ta kaɗo shi wajen ɗakinsa. Kai taki gona da watsa shi ba aikinsa ba ne a bana. Rawani ko gyale a hanci ba sa tare wannan ƙura yadda ya kamata. Idan dole ya ratsa wurin, takunkumin N95 ne. Zazzaɓin yakan bayyana bayan mako 2 zuwa 3, da ciwon kai mai tsanani, busasshen tari ko taɓuwar hanta. Ga mai matsalar bawul ɗin zuciya, yana iya zaunawa a can ya fito bayan watanni.

Sabuwar dabbar da aka sayo daga Maigatari ranar Alhamis ko karar Wudil ranar Juma'a, a turke ta daban mako 3 zuwa 4 kafin a haɗa ta da na gida.

Cizo, yakushi da lasa

Kyanwa tana da amfani a gidan da ke da rumbu, amma haƙoranta sirara ne, suna shiga da zurfi, bakin ciwon ya rufe a kan ƙwayar Fasturela. Cikin awa 12 zuwa 24 hannu ya kumbura ya yi ja da zogi. Bakin kare kuma yana da Kafnosaitofaga, wadda ga wanda ba shi da saifa ko saifarsa ba ta aiki kan lalata jini cikin 'yan kwanaki, har yatsu su yi baƙi. Ba sai cizo ba: lasar gyambo, ko bakin ciwon tiyata, ko wurin da aka sa robar ƙarin ruwa ya wadatar. Matar da aka cire wa nono da kaluluwar hammata, hannun wannan ɓangare ya fi saurin ruruwa, ko yakushi ne.

Idan abin ya faru, a wanke da sabulu ana kwarara ruwa daga buta minti 15 cur, a duba agogo, domin ya fi yadda ake zato tsawo. A shafa ayodin, a rufe da bandeji mai tsabta sako-sako. Ba toka, ba man goge baki, ba kanwa, ba garin kafso. A zana iyakar jan da biro don a ga ko yana faɗaɗa. A je asibiti a ranar ko da ciwon ƙarami ne, a ce mai shan kemo ne. Ga irinsa likita yakan rubuta Augmentin na kwana 3 zuwa 5 tun kafin ciwon ya ruru, ya duba allurar tetanus da ta haukan kare. Kuloksasilin shi kaɗai, sefaleksin da eritoromaisin, waɗanda kemis kan miƙa don gyambo, ba sa yi wa Fasturela abin kirki. Hudar haƙori ba a cika ɗinke ta ba, kada a matsa wa ma'aikaci sai ya ɗinke.

'Yan kyanwa da ba su kai shekara ba, musamman masu ƙuma, su ke yaɗa ƙwayar Batonela. A lafiyayye kaluluwa ce ta kumbura ta baje. A mai raunin garkuwa tana fitar da jajayen ƙuraje masu saurin zubar jini, masu kama da dajin fata na Kafosi ƙwarai. Bambancin yana da girma, domin ƙurajen Batonela maganin bakteriya na wata 3 ke warkar da su. Sai an yanki ɗan nama an duba ake rabewa, don haka a ambaci kyanwar.

Kaji, tattabaru, dawaki da fadama

Kaji su daina shiga ɗaki da madafi, kwanuka a kife a kan abu mai tsayi, randa a rufe saboda kashin ƙadangare da ɓera. Ɗakin tattabaru, keji na aku da wurin talotalo wani ya share, bayan yayyafa ruwa. Ƙurar kashinsu na kawo ciwon huhu da matsanancin ciwon kai bayan kwana 5 zuwa 14, wanda Augmentin ba ya taɓawa, sai doksisaikilin.

Mai doki ko jaki ya san da ƙwayar Rodokokus, da ke rayuwa cikin busasshen kashinsu da ƙasar barga. Tana yin rami a huhu daidai da na tarin fuka a hoton ƙirji. Idan hoto ya nuna rami, gwajin majina na GeneXpert ya ce babu tibi, ko an yi makonni ana shan maganin tibi ba sauƙi, a gaya wa likita akwai barga a gidan.

Manoman shinkafa na Hadejia, Auyo, Kura da Kadawa, da duk wanda ambaliya ta shiga gidansa, haɗarinsu fitsarin ɓera ne a ruwa. Ƙwayar Leftosfira tana shiga ta faso, ƙujewa ko ido. Alamunta zazzaɓi, ciwon sha-raɓa mai hana taka ƙasa, jan ido ba kwantsa, shawara da raguwar fitsari. A mai daji, da an ga shawara sai a ce ciwon ya kai hanta, a yanke ƙauna, alhali wannan tana jin magani idan an fara da wuri. Gyaran kifi ma a bar wa wani. Sukar ƙayar tarwaɗa kan bar yatsa da kumburi ja mai duhu da ke iya shiga jini.

Layya da yanka

Mara lafiya zai iya wakilta wani ya yanka masa. Fiɗa, wankin tumbi da hanji, da shanya fata duk ba nasa ba ne. Nama a dafa har tsakiya ba ja, hanta ma haka. Tsire, balangu da kilishin tebur a sake gasa su ko a turara har su yi zafi ciki da waje. Wuƙa da faifan ɗanyen nama kada su taɓa abin da ba za a sake dafawa ba.

Dabbar da ke magagin mutuwa aka yi saurin sa mata wuƙa don kada ta zama mushe, namanta bai dace da kowa ba. Idan ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini mara daskarewa na fita ta hanci, baki ko dubura, kada a feɗe, kada a ja ta a ƙasa, a kira malamin dabbobi. Alamar antaraks ke nan, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja ta jihar Neja a watan Yulin 2023. A fatar mutum tana yin ƙurji mai baƙin ɓawo a tsakiya, kewaye da kumburi, ba ya zafi sosai.

A gaban likita

Kada a jira ranar kilinik a Kano. A nufi babban asibiti mafi kusa, a kira sashen da ke ba da kemo a hanya. Tun a bakin ƙofa a faɗi magana ɗaya: "Kemo yake sha, yau kwana 10, zafinsa 38.4." Ƙa'ida ita ce a ɗebi jinin ƙirga ƙwayoyi da na shuka, wato wanda ake renon bakteriya a kwalba, sannan allurar farko ta shiga cikin awa 1. Idan asibitin ba ya yin shuka, ba a jinkirta allura saboda haka.

A riƙe takarda da aka rubuta ranar kemo na ƙarshe da sunayen magunguna, da amsar waɗannan: wane nono aka sha cikin wata 2 da suka wuce, wace dabba ta haihu, ta yi ɓari ko ta mutu, cizo ko yakushi, shiga fadama, da duk abin da aka saya a kemis. A miƙa ko ba a tambaya ba. Kafso ja da yalo guda 4 da aka haɗiya a gida sun isa su hana ƙwayar tsirowa a kwalba ba tare da sun kashe ta a jiki ba.

Inda aka fi ɓata lokaci shi ne maleriya da taifot. Mutumin karkara na iya samun ƙwayar maleriya a jini alhali wani abu ne ke kayar da shi. A sha maganinta, amma kada a sallami bincike. Gwajin Widal kuwa yakan nuna taifot inda babu. Zazzaɓin da ke zuwa da yamma ya tafi ya dawo makonni, da gumin dare, ciwon ƙugu ko kumburin maraina, ga tarihin ɗanyen nono, a nemi gwajin Burusela da sunanta. Tana jinkirin tsirowa, don haka sai likita ya rubuta wa ɗakin gwaji su riƙe kwalbar fiye da yadda suka saba, su kuma yi hattara, domin tana kama ma'aikatansu. Gwajin da ke neman martanin garkuwa na iya cewa babu a jikin da garkuwar ta kwanta, sakamako ɗaya bai rufe magana ba.

Ciwon kai da sanƙarewar wuya, tangaɗi, ruɗewa ko sambatu, ba lallai daji ne ya hau kai ba, ba kuma lallai iska ba ce. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya. Listeriya na kawo sanƙarau, kuma seftiriyakson, allurar da aka fi bayarwa don sanƙarau, ba ta kashe ta. Sai an haɗa da amfisilin. Kalmar "ɗanyen nono" daga bakin mai jinya na iya sa a ƙara wannan allura a daren farko. Tarin fukan shanu shi ma yakan fito a kaluluwar wuya ko cikin ciki, GeneXpert na kiransa tibi kawai, amma ba ya jin firazinamaid, ɗaya daga cikin magunguna huɗun farko, shi ya sa akan tsawaita shan magani zuwa wata 9.

Shan maganin har ƙarshe

Burusela tana ɓuya cikin ƙwayoyin jiki, magani ɗaya ba ya isar ta. Ga babba akan ba da doksisaikilin miligiram 100 safe da yamma na mako 6, haɗe da rifamfisin na mako 6 ko allurar jentamaisin ko sitireftomaisin a farko. Idan ta taɓa ƙashin baya, wata 3 ko fiye. Zazzaɓi kan sauka a makon farko, a nan mutane ke ajiye magani, bayan 'yan watanni ya dawo. Doksisaikilin a sha da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta sai bayan minti 30, a raba shi da madara, maganin ƙarin jini da na gyambon ciki da awa 2 zuwa 3, domin suna hana shi shiga jini. Rifamfisin na mayar da fitsari ja-ja, wannan ba komai ba ne. Matsalarsa ita ce yana rage ƙarfin wasu magungunan daji kamar imatinib, da wasu na cuta mai karya garkuwa, da ƙwayoyin tazarar haihuwa. Maganin bakteriya na Septrin kuma ba ya haɗuwa da maganin daji na metotireksat, tare suna iya durƙusar da ɓargo. Duk wanda zai rubuta sabon magani a nuna masa katin kemo, likitan daji kuma shi zai ce a ɗaga kemo na gaba ko a ci gaba.

Idan gwaji ya tabbatar da Burusela, sauran mutanen gidan da suka sha daga ƙwarya ɗaya ko suka karɓi haihuwar dabbar su ma a gwada su, musamman mai juna biyu da yaron da ke yawan zazzaɓi, a kuma sanar da malamin dabbobi ya duba garken da madarar ta fito.